Gefen Titi: Hanyar Mai Keke Ko Hanyar Ruwa?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Musawa da Malumfashi da Funtuwa, inda noman masara da dawa da auduga ya zama jigon rayuwa, babu abin hawan da ya kai keke yi wa talaka bauta. Da shi manomi ke kai taki gona, da shi yake ɗauko rabin buhun hatsi zuwa kasuwa, da shi ɗan makaranta ke sammako daga ƙauye, da shi kuma mai tallan yadi ko na gwanjo ke zaga garuruwa. Ba banza magabata suka kira shi dokin ƙarfe ba, domin doki ne da ba ya cin harawa, ba ya neman dusa, ba ya kuma shan fetur.

To, amma duk da wannan hidima, babu wanda ya taɓa keɓe wa keke hanyarsa a garuruwan nan. Abin da ya samu shi ne ɗan zirin nan da ke tsakanin bakin kwalta da lambatu, wato gefen titi. Nan ne mai keke ke bi tare da mai baro da ɗan ga-ruwa da mai tafiya a ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ziri, wanda shi ne hanyar mafi yawan jama'a, an sallama shi ga ruwan sama, kuma maganin abin yana cikin gyaran magudanan ruwa shekara-shekara, aikin da doka ta riga ta faɗi mai shi.

Dalilin da ya sa batun ya taso yanzu

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo zancen keke a zamanin da babur da mota suka cika gari? Amsar tana bakin gidan mai. A ranar 29 ga Mayu, 1923 ba a san fetur ba a ƙauyukanmu, amma a ranar 29 ga Mayu, 2023, wato bayan shekara ɗari, sanarwar da Shugaba Bola Tinubu ya yi ta janye tallafin mai ta isa kowane ƙauye kafin mako ya zagayo. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A sakamakon haka malamin firamare da ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa da yawa suka jingine babura, suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, suka kai wa mai faci.

Dama can keke ba baƙo ba ne a Arewa. An yi zamanin da kamfanin Raleigh ke harhaɗa kekuna a Kano, lokacin da sabon keke ke cikin abubuwan da manomi ke burin saye in ya karɓi kuɗin audugarsa da kaka. Abin da ya sake shi ne titin. A da motoci ƙalilan ne, mai keke na iya bin tsakiyar hanya hankalinsa kwance. Yanzu kuwa, a kan babbar hanya irin wadda ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori da Malumfashi ta nufi Yashe, manyan motocin hatsi da tankokin mai da motocin haya sun mallake kwalta. Mai keke ba shi da mafaka sai gefe. Idan gefen ya lalace, to, an ba shi zaɓi ne tsakanin rami da tayar gingimari.

Yadda ruwa ke cin hanya

Kafin a zargi kowa, ya kamata a fahimci yadda ɓarnar ke faruwa. Masana aikin hanya sun tsara titi ne da ɗan tozo a tsakiya, ta yadda ruwa ba zai kwanta a kansa ba. A titin kwalta gangaren yakan kasance santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, a hanyar burji kuwa yakan kai 4 zuwa 6. Ma'anar wannan ita ce, duk ɗigon ruwan da ya sauka a kan titi, gefe aka nufa da shi. Daga gefe ya faɗa lambatu, lambatu ya kai shi kwalbati ko wata mafita, daga nan ya gangara fadama ko rafi. Sarƙa ce mai haɗe da juna, idan guda ta tsinke sauran sun tashi a banza.

A yankin Funtuwa ruwan da ke sauka a shekara yakan kusanci milimita 1,000, yana ɗan raguwa idan aka yi arewa wajen Musawa. Kusan dukkansa yana zuba ne cikin wata biyar, mafi tsananinsa a Agusta, kuma sau da yawa da ƙarfi yake zuwa, kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko yakan tarar da lambatun da ya yi wata bakwai yana haɗiyar ƙurar hunturu da rairayi da toka da ledar ruwa da ɓawon rake. Da ya rasa hanya, sai ya yi wa kansa. Hanyar da ya fi samun sauƙi kuwa ita ce gefen titi, domin a nan babu kwaltar da za ta kare ƙasa.

Abubuwa uku ke biyo baya. Na farko, ruwan yakan kwashe jar ƙasar da aka daddaɓe a gefe, ya bar bakin kwalta a tsaye kamar dakali. Tayar keke siririya ce, idan mai keke ya kauce wa mota ya faɗa wannan gaɓa, ko ya yi ƙoƙarin hawowa da kaya a kariya, faɗuwa ta same shi, kuma sau tari cikin titi zai faɗa. Na biyu, ruwan da ya kwanta yakan tsuma ƙarƙashin kwalta ya sassauta ƙasar da ke riƙe da ita. Babbar mota na takawa sai baki ya gutsure, bana taki ɗaya, baɗi taki biyu, har titin da aka yi don motoci biyu su gifta ya koma na mota ɗaya. Ashe gefen da aka raina shi ne katangar titin. Na uku, idan damina ta wuce, ruwa yakan bar tulin rairayi a inda ya kwanta. Mota na ratsa rairayi ba ta ji ba, amma keke da ya shiga sai ya kafe, mai shi ya sauka ya tura.

A cikin gari kuma akwai wata masifar daban. Lambatun siminti da aka bari a buɗe, ko wanda murafunsa suka farfashe, idan ruwa ya cika ya shafe titi babu mai iya bambance inda hanya ta ƙare da inda rami ya fara. Yaron da ke komowa daga makarantar dare, ko dattijon da ke tafiya masallaci da asuba, shi ne ke biyan kuɗin wannan sakaci da ƙafarsa ko haƙoransa. Ba a nan abin ya tsaya ba, domin ruwan da ya kwana goma ko sati biyu a kwance ya isa ya ƙyanƙyashe sauro, ya kuma jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube. Ambaliyar da ta auka wa Jibiya a watan Yuli na 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta isa ta tuna wa duk Bakatsine cewa ruwa ba abin wasa ba ne.

Mun iya gini, ba mu iya riƙo ba

Ba za a ce ba a taɓa kashe kuɗi a kan hanyoyin wannan yanki ba. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Cikin ayyukansa har da shimfiɗa hanyoyin burji da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni, da gina madatsun ruwa, da cibiyoyin sayar da taki. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin hanyoyin karkara da ruwan sha. Bayanta aka yi asusun PTF a zamanin Janar Sani Abacha, wanda ya gyara manyan hanyoyi da dama. A 2002 kuma aka kafa FERMA don kula da hanyoyin Gwamnatin Tarayya. Kowanne daga cikin waɗannan ya zo da katafila da gireda, ya yi aiki, ya tafi. Abin da ba a bari a baya ba shi ne mutumin da zai zo da shebur kowace shekara kafin ruwan farko.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto game da lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa 85, inda ya ƙiyasta cewa an yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 cikin shekara ashirin, alhali gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba da ya hana wannan asara. Wato kowace naira da aka ƙi kashewa wajen rigakafi ta jawo asarar kusan huɗu. Bahaushe ya riga masana faɗar haka tun da daɗewa, da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Me ya sa muke maimaita kuskure ɗaya? A ganina dalilin a fili yake. Sabon titi yana da ranar buɗewa, da makaɗa, da allon da za a rubuta sunan mai mulki. Yashe lambatu ba shi da ko ɗaya. Kwangilar shimfiɗa kwalta babba ce, tana da masu bin ta, aikin kwashe rairayi daga bakin kwalbati kuwa na lebura ne, babu mai samun abin kirki a cikinsa. Bugu da ƙari, masu yanke shawara ba sa bin gefen titi. Mota ke ɗaukar su, ramin da zai karya wa manomi ƙafa su ɗan girgiza kawai suke ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan ba a tambayar mai ɗakin.

An taɓa yin babban mutum da ya ɗanɗana abin da kansa. A 2001, Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri a gwamnatin Shugaba Obasanjo, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har ya riƙa hawa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja. Wata rana motar safa ta ture shi ya faɗa rami a bakin hanya. Mutane suka yi ta dariya, aka bar zancen. Da an yi tunani, da an gane cewa abin da ya sami minista sau ɗaya a babban birni shi ke samun talaka kullum a Jiƙamshi da Ɗangani da Tuge, ba tare da jarida ta ji labari ba.

Aikin wane ne?

Doka ba ta bar wannan tambaya a duhu ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, kamar na 1979 da ya gabace shi, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi. Cikinsu akwai ginawa da kula da hanyoyi da titunan cikin gari da fitilun titi da magudanan ruwa, da kuma kwashe shara. A cikin wannan jadawali dai aka ba ƙaramar hukuma ikon yi wa kekuna da baro da amalanke lasin. Abin lura ne ƙwarai a ce takardar da ta ba hukuma ikon karɓar kuɗi a hannun mai keke ita ce ta ɗora mata gyaran lambatun da ke cin hanyarsa. Dattawa na tuna zamanin En'e, lokacin da ake tare mutum a bakin kasuwa a nemi lambar kekensa, amma suna kuma tuna leburorin hanya da ke bin titi da diga da shebur, da duba-garin da ke shiga lungu yana duba kwata.

Shekaru da yawa uzurin shugabannin ƙananan hukumomi shi ne kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Duk yadda aiwatar da hukuncin ya kasance, ya ba talaka hujjar da zai tsaya a kanta ya tambayi kansilansa: nawa aka ware wa magudanan ruwa bana, kuma wace unguwa aka yashe? Gaskiya ne babbar hanya ta tarayya ce ko ta jiha, amma ruwan da ke cinye ta daga lungunan gari yake fitowa, lungu kuwa na ƙaramar hukuma ne.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce, yankin da 'yan bindiga suka addaba, aka kori mutane daga gonakinsu, ina shi ina zancen lambatu? Haƙiƙa tsaro shi ne gaba da komai. Sai dai hanyar da ruwa ya yanke ita ce motar jami'an tsaro ba ta iya bi, ita ce kuma mai naƙuda ke kwana a kanta. Gyaran hanya wani ɓangare ne na tsaro, kuma kuɗinsa bai kai ya yi gogayya da na makamai ba.

Wani kuma zai ce laifin jama'a ne, su ke zuba shara a kwata, su ke gina shago da dakali a kan hanyar ruwa. Wannan magana akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, kuma bai kamata mu yi wa kanmu sassauci ba. Wanda ya juye kwandon shara a lambatu da dare, da safe ya zagi hukuma saboda ruwa ya shiga zaurensa, ya zalunci maƙwabcinsa ya kuma zalunci kansa. Addini ya koyar da cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, ya kuma yi hani ga ɓata hanyar mutane. Amma matar da ba ta da juji kusa, ba a kuma taɓa aiko da motar shara unguwarsu ba, ina za ta kai tokarta? An gwada tilas a 1985, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta shigar da tsabtace muhalli cikin yaƙi da rashin ɗa'a. An share gari ranar Asabar, aka yashe kwatoci, aka tara dattin a bakin titi. Inda babu motar kwashewa, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Har yau haka ake yi a garuruwa da yawa, kuma tulin nan daidai kan hanyar mai keke ake jibge shi.

Akwai kuma masu ganin keke alamar ci baya ce. Waɗannan sai su dubi ƙasar Holan a Turai, wadda ke cikin ƙasashe masu arziki, inda kekuna suka fi mutane yawa, kuma aka keɓe musu hanyoyi na fiye da kilomita 30,000. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da tsayin teku. Hanyoyinsu na zama a bushe ne domin tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa, waɗanda ke kula da magudanai da ganuwar ruwa, suna da harajinsu, jama'a kuma ke zaɓen wakilansu. Ba dukiyarsu nake so mu kwaikwaya ba, tsarinsu nake nufi: a san mai aikin, a san kuɗinsa, a san wanda za a kama in ruwa ya kwanta.

Shawarwari

Na farko, kowace ƙaramar hukuma, daga Musawa da Matazu zuwa Malumfashi da Funtuwa, ta sanya watannin Maris da Afrilu su zama lokacin yashe magudanai, da kaso tabbatacce a kasafin kuɗi, a kuma kwashe abin da aka yaso a ranar, a kai gonaki ko ramukan da aka haƙi ƙasar gini.

Na biyu, a dawo da leburan hanya. Ƙasar Kenya ta gwada wannan a hanyoyinta na karkara tun shekarun 1980, inda ake ba mutumin ƙauye kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu na hanyar da ke kusa da gidansa, a ba shi baro da shebur, a biya shi idan an duba an ga aiki. Samarinmu da ke tafiya cin rani suna nan, kuma wanda ke bin hanya da kekensa ya fi ɗan kwangilar birni sanin inda ruwa ke karya ta.

Na uku, duk sabon titin da za a shimfiɗa cikin gari ko mashigarsa, a daddaɓe gefensa a zuba masa kwalta, faɗin mita ɗaya da rabi ko fiye, a ja farin layi, a rufe lambatu a bakin makarantu da kasuwanni da masallatai. Jihar Katsina na cikin jihohin da suka shiga shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Kada a bari hanyoyinsa su bi sahun na DFRRI, a tanadi kuɗin riƙo tun ranar da aka tanadi na gini.

Na huɗu, hakimai da dagatai da masu unguwanni su farfaɗo da aikin gayya, su kuma hana gini a kan hanyar ruwa ko da mai ginin wane ne. Masu faci da masu sayar da kayan keke da mahaya su haɗa kai su riƙa kai kuka da murya ɗaya, kamar yadda direbobi ke yi, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ɗalibai ma muna da rabonmu. Mu da muke nazarin harshe, mu ya kamata mu fassara wa iyayenmu abin da Jadawali na Huɗu ya ƙunsa, mu kai shi rediyo da dandali da zauren mai unguwa, domin haƙƙin da mutum bai san da shi ba, ba zai neme shi ba.

Kammalawa

Ingancin hanya ba ranar buɗe ta ake gane shi ba. A jira tsakiyar Agusta, bayan an kwana ana ruwa, a tsaya a mashigar gari ranar kasuwa, a duba ko manomi da buhu a kariya zai wuce ba tare da ya sauka ko ya kutsa cikin motoci ba. Idan ya wuce, an yi aiki. Idan ya sauka yana turawa cikin taɓo, to, akwai wanda ya karɓi amana bai sauke ba, kuma doka ta faɗi ofishinsa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon abin da aka gina, mu kuma Ya ba mu ikon kyautata wa hanya, amin.